Ramin Tsakiyar Silin

Sufeto Velizar Pashov bai kai ga kurɓar kofinsa ba Saje ya leƙo ya ce an yi sata a wani sabon gida da ke bayan garin Plovdiv, har an kamo wanda ake zargi tun jiya.

"Me aka sace?"

"Fitila, yallaɓai. Irin ta da, mai rassa da ƙarau. Ta mahaifiyar maigidan ce, ta ba su su rataya a falo. Asen mai aikin wuta ne ya kwana a wurinmu, shi ke riƙe da mukulli. Ya ƙi cin abinci, wai in labari ya bazu babu mai sake ba shi aiki."

Sufeto ya ja tsaki, ya ɗauki hularsa, ya ce Saje ya biyo shi. Ya san yadda garin yake: mai aikin hannu in an kira shi ɓarawo sau ɗaya, to shi da jakar kayan aikinsa sai dai su bar gari.

Gidan yana warin sabon fenti. Silin duk zanen alli ne da ƙananan ramuka, inda za a binne fitilu, wayoyi na reto. Maigidan, Radoslav, da matarsa Tsvetelina suna tsaye sun ɗaga kai suna musu, ko amsa gaisuwarsa ba su yi ba.

"In aka sa ƙaramar fitila nan, inuwar kaina ce za ta rufe tukunya," in ji matar.

"To a matsar."

"A matsar ina? Ka riga ka sa an huda!"

Sai da Sufeto ya buga tafi suka juyo. Ransa ya riga ya ɓaci. Mutum na kulle a ofis, su kuma damuwarsu inuwar tukunya.

"Ina aka ajiye fitilar?"

"A kwali, can kusurwa," in ji Radoslav. "Shekaranjiya na zo babu ita."

"Madam, kina son fitilar?"

"Sosai ma. Kullum ina yaba ta."

"Kin taɓa cewa ta yi kama da ta ɗakin taro na zamanin kwaminisanci," in ji wata murya daga ƙofa.

Dattijuwa ce da sanda, riƙe da faranti ta rufe shi da tsumma. Zdravka, uwar maigidan. Ta miƙa wa Sufeto yankin banitsa, wata gurasa mai cuku, da ɗuminta, ya karɓa don bai karya kumallo ba. Tsvetelina ta sunkuyar da kai.

Ƙarya ta farko ke nan, amma ƙin fitila ba laifi ba ne a doka. Sufeto ya ɗaga kai yana tauna. Ramukan sun jeru gefe da gefe, sai guda ɗaya a tsakiyar falon daidai wa daida.

"Ita fitilar, ina za a rataye ta?"

"A tsakiya mana," in ji Radoslav.

Sufeto ya jawo tsani ya hau, gwiwarsa na ƙara, garin silin na zuba masa a ido. Ya zura hannu cikin ramin tsakiya ya laluba. Babu ƙugiya, babu katakon da zai ɗauki nauyi, siririyar waya ce kawai irin ta sauran. Can gefe yatsansa ya taɓa wani abu mai sanyi. Ya fito da shi, ya saka aljihu, ya sauko.

Daga mota ya kira ofis ya ce a ba Asen waya.

"Ramin tsakiyar falo, yaushe ka huda shi?"

"Tun kafin bikin Ista, ranka ya daɗe."

"Fitilar tana nan lokacin?"

"Tana kwalinta. Na ce a sa katako kafin mu rufe silin. Maigida ya ce kar in wahalar da kaina, in huda kamar sauran, kuma kar tsohuwa ta ji."

"Me ya hana ka faɗa jiya?"

"Wa ya tambaye ni? Kurtu ya ce in yi shiru, na yi shiru."

Sufeto ya kashe wayar, ya zagi kurtun a zuciyarsa, ya koma ciki.

"Madam, wa ke hawa saman silin?"

"Radoslav kaɗai. Ya sa wa ƙofar kwaɗo, wai kar ma'aikata su taka wayoyi."

Sufeto ya ciro ɗan ƙarau da ya tsinta a cikin silin daga aljihu ya ɗora a farantin Zdravka.

"Malam Radoslav, ka san fitilar ba za ta hau silin ɗin nan ba tun makonni kafin a sace ta. Ko duba kake yi? Ba ni mukullin sama, ko in sa a ɓalle."

Radoslav ya zauna a kan bokitin fenti, gumi ya keto masa.

"Tana sama, cikin bargo," ya ce da ƙyar. "Tsveta ba ta so, Mama kuma ta ba mu da hannunta. Wa zan ce wa a'a? Na ɗauka in ta ɓace kowa zai huta. Mama ce ta matsa a kai ƙara. Da suka tambayi mai mukulli, sai na ambaci Asen. Na zaci za su sake shi da yamma."

"Ka zata. Ka kwana a gadonka, shi ya kwana a benci."

Zdravka ta ajiye farantin a ƙasa a hankali.

"Rado, tun ina amarya nake hawa kujera ina goge abin nan ƙarau bayan ƙarau. Gwiwata ta gaji, shi ya sa na ba ku. Da ka ce ba ka so, da na ba maƙwabciya."

Ta nuna shi da sandarta.

"Ka gwammace a kulle ɗan mutane da ka buɗe baki ka yi wa uwarka magana. Ni na haife ka, amma yau na ji kunya."

Saje ya kama hannun Radoslav ya nufi mota da shi, kan laifin ba da rahoton ƙarya. Sufeto ya kira ofis ya ce a saki Asen yanzu, a kuma ba shi haƙuri a gaban mutane, ba a lungu ba.

Yana karkaɗe hularsa dattijuwar ta miƙo masa farantin.

"Kai wa yaron nan, ɗana. An ce bai ci komai ba tun jiya."