Rabon Kukan Sallau

Da an idar da sallar la'asar, sai Ƙwarya, babbar na'urar gari, ta farka. Hasumiyarta da ke tsakiyar birnin Kwarin Tama ta yi haske shuɗi, jiragen haya marasa direba suka rage gudu, masu shaguna suka jingina da teburan cinikinsu. A bayan kunnen kowa akwai maƙalli, ɗan ƙarfe da bai fi ƙwayar gyaɗa ba, kuma ta cikinsa murya guda ta fara karanta babin ranar.

Shekaru ke nan ana wannan shiri na Littafin Gari. An fara shi ne bayan rikicin ruwa tsakanin unguwannin tudu da na gangare, don a samar wa mutane abin hira wanda ba famfo ba. Da fari ya yi aiki. Daga baya aka koma faɗa a kan littafin kansa, wannan ya ce jarumin mugu ne, wancan ya ce an zalunce shi. Sai injiniyoyi suka ƙara wa na'urar wani aiki da suka kira rabon-ji. Yayin karatu, maƙalli yana auna abin da ke motsi a zuciyar mai saurare, ya kwashe, ya aika hasumiya. Can ake gauraya na kowa, a raba daidai, a mayar. Ba wanda zai fi wani fushi ko dariya. Shi ya sa aka sa mata suna Ƙwarya: gari duka na sha daga wuri ɗaya.

A ranar, Sallau mai gyaran fanfunan hasken rana yana asibiti, zaune a gefen gadon matarsa Barira. Ma'aikaciyar jinya ta ba shi shawara ya cire maƙallinsa, amma Barira ta hana. An cire nata saboda injinan da aka jona mata, ita kuwa tana son littafin bana, labarin wani masunci da ruwa ya tafi da kwale-kwalensa.

"Ka saurara ka riƙa gaya mini," in ji ta. "Kada gari ya wuce mu, Baban Nana."

Ya riƙe hannunta yana maimaita mata abin da yake ji. Babin ba wani abin kirki a ciki, masuncin yana zaune ne kawai yana ɗinkin koma. Ana tsakiyar ɗinkin hannun Barira ya saki.

Sallau ya ji abin ya taso daga cikinsa, mai nauyi, mai zafi, ya cika ƙirji ya nufo maƙogwaro. Ya buɗe baki. Sai maƙallin ya yi ɗan ɗumi a bayan kunnensa, abin ya tsiyaye kamar an zare toshiyar randa. Ya zauna da baki buɗe, yana kallon fuskar matar da suka yi shekara da shekaru tare. Abin da ya ji bai wuce abin da mutum ke ji in ya tuna ya bar buta a rana ba.

A wannan lokacin kowa a Kwarin Tama ya ɗan yi ajiyar zuciya. Da yamma hira ta cika majalisu: wane irin marubuci ne wannan, da zai sa ɗinkin koma ya taɓa zuciya?

Aka yi jana'iza kafin magariba. Sallau ya shiga kabari da kansa ya karɓe ta, idonsa a bushe. A zaman makoki mutane suka yi ta zuwa suna yi masa ta'aziyya, suna fita suna yaba shi. Limamin unguwa ya ce bai taɓa ganin tawakkali irin wannan ba, ya ce matasa su yi koyi. Ilu, taubashinsa, ya matso kan tabarma ya rage murya.

"Kai bawana, ko ɗigon hawaye? Ko dama ka ajiye wata a gangare ne ba mu sani ba?"

A da Sallau zai rama. Yanzu ya dube shi kawai, har Ilu ya sunkuyar da kai ya ce Allah ya jiƙanta. Daga cikin gida ana jin kukan Nana, wadda shekarunta ba su kai a saka mata maƙalli ba. Sallau ya san ya kamata ya tashi ya rungume ta. Ya tashi ya yi, yadda yake ɗaure waya a wurin aiki.

Da aka tashi daga makoki ya nufi hasumiya, ya nemi ganin Injiniya Uwani, shugabar masu kula da Ƙwarya. Ta saurare shi har ƙarshe, ta duba allonta, ta ce lallai an ga wani babban tashi a ranar daga sashen asibiti, da fari sun zaci na'ura ce ta yi tangarɗa, daga baya suka gano daga gare shi ne.

"Hajiya, nawa ne. A mayar mini."

Ta yi masa bayani a hankali. Ƙwarya ba ta ajiya, rabawa take yi. Mai shayi ya sami nasa, ɗaliban jami'a sun samu, fursunoni ma sun samu, kuma kowa nasa ya narke kafin ya ci tuwon dare. Jijiyar da abin ya bi ya fita kuwa, ba su san ranar da za ta sake buɗewa ba, don ba a taɓa kwasar mai yawa haka daga mutum ɗaya ba.

"Ni ma na sami rabona, Malam Sallau," ta ce. "Na ɗauka gajiya ce."

Kafin ya fita ta gaya masa cewa kwamitin gari ya ji labarin haƙurinsa daga bakin liman, kuma ya ji dalilin. An yanke shawarar a riƙa kunna rabon-ji a duk gidan da aka yi rashi, don kada a sake barin mutum ɗaya da kaya shi kaɗai. Ta ce mutane sun yi murna ƙwarai.

Kafin damina ta zagayo, an daina jin kuka a Kwarin Tama. Ana mutuwa, ana binnewa, ana komawa aiki.

Sallau ya koma shiga motar ƙauyukan da Ƙwarya ba ta kai ba duk ranar da ba shi da aiki. Inda ya hangi tabarmi a ƙofar gida da mutane zaune jugum, sai ya sauka, ya yi sallama, ya sami gefe kusa da zaure inda muryoyin mata ke fitowa. A wani ƙauye, wani dattijo mai jajayen idanu, wanda ya binne ɗansa da safe, ya lura da baƙon da ya wuni zaune a gefe. Ya tambaye shi ko abokin marigayin ne.

"A'a, Baba, ban san shi ba."

"To me ya kawo ka, ɗana?"

"Matata ce ta rasu," in ji Sallau. "Na zo in zauna kusa da ku ne, ko kukan zai kama ni."