Kwalekwalen da Kawu Mati Ya Ɗaure

Ku matso. Ke Tasalla, saki zanena, ba inda zan je.

Kun san Kawu Mati mai zanen bayan motoci, kun kuma san taurin kansa. To, wani alhaji ya kawo masa tsohon zanen garin nan, na tun zamanin kakannin kakanninmu, ya ce a kwafe masa a bangon zaure.

Kawu ya yini yana kallonsa. Ganuwa a tsaye, ko tsaga babu. Giginyu. Hasken hantsi kwance a kan kogi, har kana jin sanyin ruwan. Ya ce wanda ya yi wannan ya san ruwa, wallahi. A gaba ga kwalekwale cike da mutane, duk sun ba da baya. Wuri ɗaya ne a cikinsa babu kowa.

Sai ya ce sai ya tsaya inda mai zanen ya tsaya. Aka hana shi, ya ƙi. Ya ɗauki allonsa da fenti, ya gangara tsohuwar mashaya da la'asar, shi kaɗai.

Yana cikin aiki ya ji an ce, "Sannu da aiki, malam."

Wani tsoho ne, riƙe da sandar tuƙi. Yashi jiƙe yake, amma babu sawu a bayansa. Inuwarsa kuma ta kwanta yamma. Rana na yamma, inuwa na yamma. Inuwar hantsi ce, irin ta cikin zanen.

"Da saura," in ji tsohon. Ya ɗora yatsa a kan allon Kawu, a wurin da babu kowa cikin kwalekwalen. "Mun daɗe muna jiran cikon mutum ɗaya."

"Ba na ƙari a aikin wani."

"Kana yi. Kowace mota ka zana, da fuskar 'yarka Ladidi a jiki. Sa mana ita nan."

Eh, Ladidin da kuka sani. Lokacin ko yaye ta ba a daɗe da yi ba.

Hannun Kawu ya fara tafiya da kansa. Yana gani, ya fitar da goshi, ya fitar da kunne. Ya ji tsoro, ya faɗa mini da bakinsa. Amma haushi ya fi tsoron yawa.

"Baba, ka yi kaɗan," ya ce.

Ya gartsa wa hannun cizo har jini. Ya shafe goshin da babban yatsa. Sannan ya tsoma yatsan a baƙin fenti, ya ja igiya mai kauri daga hancin kwalekwalen zuwa gindin giginya, ya yi mata ƙulli.

"Ku yi ta jira. Ba 'yata ba."

Ya ɗaga kai, babu kowa. Sai ƙarar igiya da ake ja a kan ruwa.

Gobe in ya miƙo muku hannu, ku taɓa babban yatsansa. A jiƙe yake, rani da damina. Har da igiyar ya kwafe zanen a bangon zauren alhajin. Duk shekara kuma sai ya je ya sabunta ta, ko da zazzaɓi yake.

Kada wanda ya gangara mashayar nan shi kaɗai. Kawu ya fara tsufa, kuma wurin nan na cikin kwalekwalen har yau babu kowa a kai.