Wa Ya Sauya Maganin Malam Idirisu?

Kwana uku da binne Malam Idirisu Tela, 'yarsa Hafsa ta zo komisariya, wato ofishin 'yan sanda, na unguwar New Bell, idanunta sun kumbura. Akawu ce a wani ofis a Bonanjo. Ta ajiye wa Sufeto Munzali wani ɗan akwatin magani na roba mai ɗakuna bakwai.

"Ranka ya daɗe, wani ne ya kashe babana."

"Me likita ya ce?"

"Gudan jini ne ya toshe masa ƙwaƙwalwa. Shekara biyu ke nan zuciyarsa ba ta bugawa daidai, shi ya sa aka ɗora shi kan maganin tsinka jini. Amma da aka gwada jininsa ranar da ya faɗi, likita ya ce kamar bai taɓa shan maganin ba."

"Wataƙila ya daina sha."

"Kowace Lahadi nakan taso daga Logbaba in jera masa na mako da hannuna. Ƙwayoyin farare ne. Buɗe ka gani."

Munzali ya buɗe. Ranar Alhamis mutumin ya rasu, saboda haka na Juma'a da Asabar suna nan. Ƙwayoyi biyu ne, kuma rawaye.

Ya fara da farmasin da Hafsa take sayen maganin. Mai shagon ta duba ƙwayoyin ta girgiza kai.

"Wannan na ƙarin jini ne, irin wanda ake ba masu ciki. Ba ya hana jini daskarewa. Ba shi na ba ta ba."

Daga nan ya nufi unguwar Hausawa. Ruwa ya cika lungun, sai da ya taka bulo ya shiga gidan. Matar marigayin, Zinariya, tana kan tabarma da carbi, ga keken ɗinkin mijin an lulluɓe da zane.

"Allah ya jiƙan Malam, Mama."

"Amin, ɗana."

"Wa yake ba shi magani?"

"Shi yake ɗauka da kansa. Ni ban san kan maganin bature ba."

"Yana gani sosai?"

"Ina fa. Ido ne ya raba shi da ɗinki."

"An rubuta masa gwajin jini kowane wata. Me ya hana shi zuwa na watan jiya?"

"Ruwan sama," in ji ta, ba ta ɗago ba.

Munzali ya san ranar. Rana ce da aka yi zafi har kwalta ta yi laushi.

A ƙofar masallaci ya sami Liman, wanda ya yi wa gawar wanka. Liman ya daɗe yana juya hularsa kafin ya yi magana.

"Abin da aka gani a wanka ba a faɗa. Amma tunda rai ne, akwai tabon tsaga a bayansa, guda shida. Bai daɗe ba."

Wanzami ɗaya ne a layin, Jafaru. Munzali ya same shi yana wasa aska.

"Yaushe ka yi wa Malam Idirisu ƙaho?"

"Ni? Aski kawai nake masa."

"Tsaga shida a baya, Jafaru. In kai ka kotun Bonanjo ka bayyana wa alƙali?"

Askar ta tsaya.

"Wata biyu ke nan. Ciwon baya ya dame shi, matarsa ta aiko mini. Wallahi ban san yana shan wani magani ba. Ina tsagawa, jini ya ƙi tsayawa. Tun hantsi har la'asar. Muka jiƙa zani uku. Na ce a kai shi asibiti, ta ce Hafsa ta hana a taɓa shi da ƙarfe, in ta ji za a yi tashin hankali."

Munzali ya koma gidan marigayin. Tasa uwar ma, da ita ta ga irin wannan jinin, da maganin za ta zarga.

Ya tarar Hafsa ta iso. Ya zauna a bakin tabarma, ya sassauta murya.

"Mama, na gana da Jafaru. Ina fararen ƙwayoyin?"

Carbin ya zame daga hannun Zinariya. Sannan ta miƙe, ta ɗaga zanen da ke kan keken ɗinki, ta ɗauko gwangwanin maɓallai. A ƙarƙashin maɓallan, ƙwayoyi ne farare, sun fi hamsin.

Hafsa ta dafe bango. "Inna!"

"Ba ki ga abin da na gani ba," in ji Zinariya. "Jinin ubanki kamar ruwan famfo. Na ce maganin nan ne zai ƙarar da shi. Kina fita ranar Lahadi, sai in kwashe naki in zuba masa na ƙarin jini, ya mayar da abin da ya zubar. Na hana shi gwaji don kada a gane."

"Da kin faɗa mini! Likita ya duba shi ya daidaita masa, shi ke nan!"

"Tsoronki na ji." Muryarta ta karye. "Ran Alhamis yana shan koko, bakinsa ya karkace, kofin ya faɗi. Ya dube ni yana son ya kira sunana, harshen ya ƙi. Shekara arba'in da ɗaya, ban taɓa ɓoye masa komai ba sai wannan."

Munzali ya rufe littafinsa.

"Mama, dole mu je ofis. Zan rubuta cewa ba da niyyar kisa ba ne. Sauran na alƙali ne."

Bai fito da ankwa ba. Hafsa ta riƙo hannun rigarsa.

"Na janye ƙarar. Don Allah, na janye."

"Ya wuce hannuna, Hafsa."

Zinariya ta ja mayafin takaba ta rufe kanta. Matan da suka zo gaisuwa suka dare suka ba ta hanya. A bakin zaure ta juyo ta dubi 'yarta.

"Akwai tuwo a tukunya. Ki ba baƙin ubanki su ci, kada su tafi haka."