Kwalbar Ruwan Taba ta Dokta Roelofsen

Da safe aka tarar an ɓalle tagar ɗakin gwajin Dokta Roelofsen a garin Rhenen. Kwalba ɗaya aka ɗauke, ta ruwan ganyen taba mai cutar dabbare-dabbare, wanda ya tace da matacin yumɓu.

Magajin gari ya ce Aalbert mai kula da lambun Dokta ne ya sace, a kore shi. Ɗan sanda Harm Veenhuis, mutumin da ba ya cin tuwo da zafi, ya roƙi a dakata.

"Aalbert, ina makullinka?"

"Ga shi a wuyana, ranka ya daɗe. Mai makulli zai fasa taga?"

Neeltje mai aikin gidan kuwa ranar tana wajen biki. Amma ta amsa cewa ta gaya wa 'yan kasuwa Dokta na da ruwan taba tatacce, garai-garai.

"Dokta, tataccen yana da illa?" in ji Harm.

"Masana sun ce babu ƙwayar cutar da ke ratsa yumɓu. Ni ina shakka, ana ta yi mini dariya."

Harm ya jira har dashen taba ya yi ganye, sannan ya bi gonaki yana duba shuka kunya bayan kunya. A gonar Wouter Brink ya tsaya.

"Baba Wouter, me ya sami tabarka?"

"Cuta ce, ɗana, tana ko'ina."

"Cuta mai hankali kuwa! Ta bi kunya biyu shuka bayan shuka, ta tsaya cak a tsakiyar ta uku. Nan kwalbar ta ƙare ko?"

Tsohon ya cire hularsa. Kowane manomi a nan ya san da ruwan taba ake kashe ƙwarin ganye. Da ya ji labarin tatacce, sai ya sato, ya goga wa shukarsa da tsumma.

"Wallahi cewa aka yi an tace!"

Aalbert ya koma lambunsa. Dokta kuwa ya zo da gudu, ya durƙusa cikin taɓo yana duba ganyen. Ashe da gaske akwai abin da ya fi ƙwayar cuta ƙanƙanta, wanda madubinsa na duba ƙananan halittu ba ya gani.

"Harm, don Allah kada ka rufe shi," ya ce. "Duk garin nan shi kaɗai ya maimaita gwajina."