Ɓarawon da Ya Wanke Buroshi

Da aka sauko daga sallar Juma'a, Malam Bahago ya buɗe kwadon ɗan ɗakin da ke gefen zaurensa a Limancin Kona, ya tarar babu kan jirgin a kan tebur.

Ba jirgin gaske ba ne. Ƙaramin kan jirgin ƙasa ne na ƙarfe, irin na da mai aiki da gawayi da tururi, tsawonsa bai wuce kamu ɗaya ba. A warwatse ya zo cikin kwali, gutsattsari sun fi ɗari uku. Tracy ce ta aiko da shi daga ƙasar waje, 'yar amininsa Fredrick na Wusasa. Su biyun sun yi aikin reluwe tare tun suna samari: Bahago yana zuba gawayi a wutar injin, Fredrick yana gyaran injuna a Loko, garejin jiragen ƙasa. Wata bakwai suka yi suna haɗa shi, suna goge ƙarfe da samfefa, suna ɗaura ƙafafu, suna musu a kan kowane kusa. A safiyar ranar Bahago ya gama shafa masa baƙin fenti.

Kafin Sufeto Sailuba ta iso, samarin unguwa sun riga sun kama Ilu mai sayen gwangwan, sun zaunar da shi a ƙasa, leɓensa a fashe. Sailuba 'yar unguwar ce. A wannan zauren ta fara jin labarin Gusau da Minna, lokacin da Malam Bahago ke kwaikwayon kukan jirgi da baki yara suna dariya.

“Kowa ya matsa,” ta ce. “Wanda ya sake taɓa shi, da shi zan tafi.”

Ta shiga ɗakin ita da tsohon. Warin fenti bai fita ba. Ta duba kwadon, ba a fasa shi ba.

“Baba, a kulle ka same shi?”

“A kulle, 'yata.”

“Ina makulli yake zama?”

“Ɗaya a aljihuna. Ɗaya a bayan wancan tubalin na zaure.”

“Su wa suka san da na bayan tubali?”

“Ni, da Suhail maƙeri mai yi mana liƙin dalma, da Fredrick. Shi kuwa Fredrick mako uku ke nan yana kwance, zazzaɓi.”

“A kan me jirgin yake?”

“A kan wani falankin katako. Da shi aka tafi.”

“Fentin ya bushe?”

“Ina! Sai ya kwana biyu.”

Sailuba ta bi ɗakin da kallo. Ga gwangwanin guntayen tagulla, ga sukudirebobi, ga rediyo, duk suna nan. A kan kanta akwai gwangwanayen fenti uku a jere, da zagayen tabo a wurin da na huɗu ya saba zama. Cikin wani kofi kuma ƙaramin buroshi ne a tsaye, gashinsa a sama, tas da shi.

“Da wannan ka yi shafen?”

Malam Bahago ya matso da fuskarsa. “Da shi. Amma ni a kan jarida na yar da shi, na ji kiran salla. Ban wanke ba.”

Sailuba ta fito wajen Ilu, ta ce ya miƙo hannuwansa. Tsatsa ce da dauɗa, babu ɗigon baƙin fenti, haka rigarsa. Ta zazzage buhunsa: tsohon murhu, wayoyi, murfin tukunya.

“Me ya kawo ka layin nan?”

“Ranki ya daɗe, kullum nan nake bi. Na tsaya shan ruwa kawai.”

“Da ka shiga ɗakin can, me za ka fara ɗauka?”

Ilu ya leƙa ta ƙofa. “Tagullar can mana. Ita ce kaya.”

“Ga ta nan ba a taɓa ba,” Sailuba ta ce wa samarin. “Ku kai shi kemis a wanke masa baki. Sunayenku kuma na rubuta.”

Suhail maƙeri yana rumfarsa a bakin layi, yana gyaran wata fitila, Sailuba da Malam Bahago suka same shi.

“Ina kake daga ƙarfe ɗaya zuwa biyu?”

“Masallaci. Sahu ɗaya muka yi da Malam, tare muka dawo.”

Malam Bahago ya gyaɗa kai.

“Gwangwanayen fenti huɗu ne a kanta. Wanne ne babu?”

“Akwai baƙi, da ja, da ruwan zinariya na lamba…” Suhail ya tsaya. “Kore. Na Baba Fredrick. Shi ya sayo shi da kansa.”

“Kore na me?”

Suhail ya saci kallon tsohon. “Ai a kansa suke rigima tun ana haɗa tukunyar ruwan injin. Baba Fredrick ya ce injin da suka yi aiki da shi kore ne, Malam ya ce baƙi ne. Ni dai na ce a jira ya warke.”

“Na jira!” Malam Bahago ya ce. “Mako uku! Ƙarfe ya fara tsatsa. Kuma baƙi ne, shekara goma sha ɗaya ina tsaye a cikinsa.”

Saura mutum ɗaya. Sailuba ta shiga cikin gida ta gaida Hajiya Hassana, matar Malam Bahago, wadda ke tsintar shinkafa a tsakar gida.

“Inna, kin ji motsi a zaure lokacin salla?”

“Na ji keke mai ƙafa uku ya tsaya, bai kashe inji ba. Na ji an buɗe ɗaki. Na ɗauka Malam ne ya yi mantuwa.”

“Ya daɗe?”

“Ya ɗan jima. Har na ji ana zuba ruwan wanke fentin nan mai hawa kai.”

Sailuba ta fito, ta buɗe ƙofar mota. “Baba, zo ka raka ni dubiya.”

Suka fita ta Ƙofar Kuyambana, dutsen Kufena yana gabansu. Tsohon ya ce a da, in iska ta juyo, har cikin ganuwa ake jin kukan jirgin safe, mata su san lokacin ɗora koko ya yi.

A Wusasa, Mama Ethel, matar Fredrick, ta tare su a ƙofa. Da ta ga kakin Sailuba sai ta sauke ido, ta nuna musu bayan gida.

Fredrick yana zaune a gindin mangwaro. Kan jirgin yana gabansa a kan falankinsa, gwangwanin kore a gefe. Da tsumma a hannunsa yana goge baƙin fentin, fuskarsa kusan tana taɓa ƙarfen. Ya goge rabi, rabin ya dame.

Malam Bahago ya tsaya cak. “Firedi? Kai?”

“Barka da yamma, Baba,” Sailuba ta ce.

Fredrick ya ɗago, ya juya kansa gefe kafin ya gane ta. “Sailuba. Wa ya faɗa miki?”

“Babu wanda ya faɗa. An buɗe kwado da makulli, an mayar an kulle, mutum uku ne kuma suka san inda yake, biyu suna masallaci. An ɗauki jirgi da falankinsa, wato mai ɗaukar ya san fenti ɗanye ne, ba ya son ya ɓata shi. An bar tagulla da rediyo, an tafi da kore. Sannan an tsaya, keke yana jira a waje, an wanke buroshin wani an kafa shi a kofi. Wanda ya zo sata ba ya yin haka, Baba. Sai wanda ya yi shekara talatin ba ya tashi aiki da dattin kaya a bayansa.”

Fredrick ya ajiye tsumman. “Buroshin na gashin raƙumi ne. In ya bushe da fenti ya mutu.”

“Saboda kai an fasa wa wani bawan Allah baki,” Sailuba ta ce. “Ilu mai gwangwan.”

Fredrick ya dafe kai. “Wayyo. Ban san za ta kai nan ba. Ki kai ni wurinsa, ni zan roƙe shi da bakina.”

“Ka ce zazzaɓi kake,” Malam Bahago ya ce. “Ashe lafiyarka lau, ka shiga ɗakina kamar baƙo.”

“Ba zazzaɓi ba ne.” Mama Ethel ce ta amsa daga bakin ƙofa. “Ido ne, Malam. Na hagu ya tafi. Na dama likita ya ce da wuya ya kai Kirsimeti. Ya hana ni faɗa maka.”

“Daga asibiti nake yau,” Fredrick ya ce. “Na ce bari in biya in gan shi. Na buɗe, na ga baƙi. A idona yanzu, Bahago, baƙin abu dunƙule ne kawai, ba na ganin ƙafa, ba na ganin bututu. Kore nake iya gani. Na so in gan shi sau ɗaya yadda na san shi.”

Malam Bahago ya zauna a kan benci a hankali. Ya daɗe yana kallon ƙarfen.

“Amma baƙi ne, Firedi,” ya ce, ƙasa-ƙasa.

“Hayaƙi ne. Kai kullum cikin hayaƙi ka san shi. Ranar da aka ɗauko maka Hassana daga Gusau, wa ya wanke shi da kananzir tun daga bututu har ƙafa?”

Sailuba ta ga idon Bahago ya kawo ruwa.

“Har ta tambaye ni ko sabo ne,” ya ce. “Ta ce kamar ganyen dawa bayan ruwan sama.”

“To.”

“Sau ɗaya ne fa.”

“Sau ɗayan nake so.”

Sailuba ta fito da littafinta. “Baba Bahago, kai ka kawo ƙara. Me zan rubuta?”

“Rubuta an ga kaya. Gobe da safe mu biyu za mu je wurin Ilu, don a ƙofata aka dake shi.” Ya naɗe hannun rigarsa, ya ɗauki tsumman, ya juya ga Fredrick. “Kawo nan, ka dama shi kamar kunu. Sai an goge tas, a sa samfefa, sannan a shafa. Ni zan riƙe buroshi, kai ka faɗa mini in launin ya yi.”

“Bututun hayaƙi ka bar shi baƙi,” Fredrick ya ce. “Da bakin wuta, inda kake tsayawa. Nan ko na wanke ba ya fita.”

Mama Ethel ta kawo wa Sailuba kujera, Sailuba ta ce ba ta da lokacin zama. Ta kai bakin mota, ta tuna ba wanda zai mayar da tsohon cikin gari, ta dawo ta zauna. Malam Bahago ya ɗiga koren a kan murfin gwangwani, ya kai shi dab da idon dama na amininsa.

Fredrick ya daɗe yana dubawa.

“Ya yi haske,” ya ce. “Ɗiga masa baƙin naka kaɗan.”