Turken da Rabo Yake Ba Ruwa

Duk wanda yake Dutsin-Ma ranar nan ta bazarar 1965 ya ji mutuwar Sa'idu da kunnensa. Kiran sallar azahar ya taso daga ƙahonin lasifika huɗu na masallacin ƙofar gidan Alhaji Abdulƙadir mai hatsi, da ƙarfin da ba a taɓa jin irinsa ba. Kabbara biyu aka ji. A ta uku muryar ta karye ta koma kururuwa, daga nan sai gunjin inji kawai ya rage.

Sufeto Atiku yana caji ofis yana fifita da fayil sa'ad da Kofur Ɗan'auta ya shigo ya ƙame.

"Ranka ya daɗe, ɗan Alhaji Abdulƙadir ne. Wutar makirufo ta kama shi. Ya cika."

"Wa ke kula da injin?"

"Rabo mai gyaran rediyo. Alhaji ya ce shi ya tayar da injin ya yi tafiyarsa. Na sa a tare shi a tashar mota."

Sufeto ya samu ganin gawar kafin a yi mata wanka. Sa'idu saurayi ne mai shekara ashirin da biyu, kuma shi kaɗai ne namiji a wurin ubansa. Tafin hannunsa na dama ya ƙone daidai faɗin mariƙin makirufo, akwai wata ƙunar a tafin ƙafa. Hannun rigarsa da sauran damshin alwala.

Alhaji Abdulƙadir yana zaune kan tabarmi a bakin ƙofar masallaci, idanunsa sun bushe ƙayau.

"Allah ya jiƙansa, Alhaji," in ji Sufeto. "Wa ya tayar da injin?"

"Rabo. Wa kuma? Ni saye na yi na ba masallaci saboda Allah. Ban taɓa sa masa hannu ba. Ya tayar ya bar mini ɗa da wuta."

Ana fita da gawa aka shigo da Rabo caji ofis. Mutanen tasha sun riga 'yan sanda isa gare shi, gefen goshinsa a fashe, rigarsa a yage. Ya roƙa a bar shi ya bi jana'iza ko da ankwa a hannu. Ba a bar shi ba, don da ya je da an yi gawa biyu.

Sufeto ya zaunar da shi. Ya faɗa masa gaskiya ba ɓoye-ɓoye: in ta tabbata sakacinsa ne ya kashe Sa'idu, shekaru zai yi a gidan yari.

"Ina kake da azahar?"

"Kurfi, ranka ya daɗe. Tun hantsi na tafi gyaran rediyo. Ban tayar da komai ba. Na ce wa Sa'idu yau da baki za a yi kira."

"Bayyana mini injin, kamar yadda za ka bayyana wa jahili."

Nan Rabo ya ɗan dawo hayyacinsa. Ya ce janareto ke ba da wuta. Injin kuwa akwatin ƙarfe ne, ya karɓi murya daga makirufo ya ƙara mata ƙarfi, ya raba ta baki huɗu, kowane baki da ƙahonsa: gabas, yamma, kudu, arewa. Kowane baki da maɓallinsa da ake murɗawa, kuma ya ɗiga wa kowanne farin fenti a inda ya kamata ya tsaya.

"Lafiyarsa lau?"

"Lau, ranka ya daɗe."

Sufeto ya zuba masa ido. Rabo ya sunkuyar da kai.

"Yana yoyon wuta kaɗan a jikin ƙarfensa. Tsohon inji ne. Na gaya wa Alhaji sai an kawo wani abu daga Kano, ya ce bayan salla."

"Ka san yana yoyo ka bar mutane suna riƙe makirufo?"

"Akwai wayar ƙasa. Na jawo waya daga jikin injin na ɗaure ta da noti a turken jan ƙarfe da na kafa a waje. Duk wutar da ta yi yoyo turken ke shanye ta ya kai ƙasa. Amma busasshiyar ƙasa ba ta sha. Shi ya sa kullum safe nake zuba masa buta guda. Yau ma na zuba kafin in tafi. Wata bakwai Sa'idu yana riƙe abin nan, ko tsikarinsa bai taɓa ji ba. Ni na koya masa."

Da yamma Sufeto da Kofur suka shiga ɗan ɗakin injin da ke jikin masallaci. Ga akwatin a kan tebur, ga maɓallan huɗu. Kowanne an murɗa shi har ƙarshe, ya wuce ɗigon fenti nesa.

Suka bi wayar ta cikin taga. Turken yana nan kafe a gindin katanga. Kofur ya sa dugadugin takalmi ya tona ƙasar wurin, ƙura ta tashi.

"Ya yi mana ƙarya, ranka ya daɗe. Ƙasar nan rabonta da ruwa tun damina."

Sufeto ya durƙusa. Ƙasar a bushe take, wannan gaskiya ne. Amma ba ƙasar yake kallo ba. Ba noti a jikin turken. An naɗe wayar ne sau biyu, aka cusa bakinta ta ƙasa aka ja, aka bar ɗan kunne a gefe. Ya ɗauko littafinsa ya zana ƙullin.

Washegari ya hau babur ya tafi Kurfi. Bai sha wahalar nema ba. Adama mai tuwo ta bakin kasuwa ta nuna masa rediyonta tana magana.

"Shi ya gyara ta jiya. Ya yi azahar a can ƙarƙashin rimi, ya dawo ya ci malmala biyu. Me aka ce ya yi, yallaɓai? Wannan ko kaza ce ta shigo masa cikin kaya sai ya ba ta haƙuri."

Ke nan ba Rabo ya tayar da injin ba. Amma wannan bai fitar da shi ba. Muddin turken nan yana cikin busasshiyar ƙasa, alƙali zai ce shi ya bar tarko ya tafi.

Akwai mutum guda da kowa ya san ba ya ƙaunar injin. Malam Mamuda ya yi shekara talatin yana ladanci a masallacin, har ranar da aka kafa ƙahoni aka ce masa ya huta. Sufeto ya same shi a zaurensa yana ɗinkin hula.

"Malam, kana masallaci jiya da azahar?"

"Ba ni da lafiya. Ina kwance."

"An ce kai ka fara rufe gawar Sa'idu da mayafinka."

Tsohon ya soke allura a hula ya ajiye. "To, ina nan. Ka ce ni na kashe shi, ai shi ya kawo ka. Ban son injin, ban ɓoye ba. Abin da ake yi wa ban ruwa kamar dashen mangwaro, wai shi zai kira mutane ga Ubangijinsu. Yaran unguwa har waƙa suke yi wa Rabo da butarsa. Ciyawa ta tsiro a wurin, tsakiyar bazara."

"Ciyawa? A gindin katanga?"

Malam Mamuda ya gane ya faɗi abin da bai yi niyya ba.

"A ina ta tsiro, Malam?"

"Sufeto, gidan nan da kake ciki Alhaji ne ya ba ni aro."

"Akwai mutum a rufe a ofishina da fasasshen kai. Bai ga jana'izar abokinsa ba."

Tsohon ya dubi ƙofa. "Jiya Alhaji ya yi baƙi, fatake daga Maraɗi. Da hantsi ya sa aka shimfiɗa musu tabarmi a bakin ƙofar masallaci. Iyakar abin da zan ce ke nan. Ka je ka duba inda aka shimfiɗa."

Sufeto bai nufi masallaci kai tsaye ba. Ya bi ta zauren Alhaji, inda buhunan gero suke jibge har rufi. Ya buɗe littafinsa ya kara zanen da bakin buhu. Naɗi biyu, a cusa ta ƙasa, a bar kunne. Ya tambayi wani lebura wa ke ɗaure buhunan.

"Alhaji da kansa. Ba ya yarda da ɗaurin kowa."

Sufeto ya ji ransa ya ɓaci. Shekara goma sha tara yana aikin nan, ya kama ɓarayi ya kama masu kisa, bai taɓa jin ƙyamar abin da zai yi kamar yau ba. Ya tsaya a inuwa har masu gaisuwa suka ragu, sannan ya ƙarasa da Kofur a bayansa.

"Alhaji, ina son ka tashi daga kan tabarmar nan."

"Zaman makoki nake, Sufeto. Ba ka da kunya ne?"

"Tun jiya kana wuri ɗaya. Rana ta juyo, kowa ya koma inuwa, kai ba ka motsa ba. Tashi."

Alhaji ya dubi mutane uku huɗun da suka rage. Ya dafa ƙasa ya miƙe. Kofur ya ɗaga tabarmar.

Ga ciyawar nan, faɗin faifai, ta kwanta ta fara zama ruwan ɗorawa. A tsakiyarta rami ne da aka cike da sabon rairayi. Sufeto ya sa yatsa ya tona, ƙasar ta fito baƙa da damshi.

"Nan turken Rabo yake. Wa ya cire shi?"

Alhaji ya kau da ido daga ramin.

"Rabo yana Kurfi da azahar, akwai shaida. Wanda ya ɗiga wa maɓalli fenti ba zai murɗa su har ƙarshe ba. Mai gyaran rediyo kuma da noti yake ɗaure waya, ba ya yi mata ɗaurin bakin buhu. Alhaji, wa ya cire turken?"

Alhaji Abdulƙadir ya zauna a ƙasa, babbar rigarsa a cikin ƙura.

"Caɓi ne a bakin ƙofa," in ji shi, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Ga baƙi za su zo, ga ƙarfe tsaye inda za a zauna. Na tumɓuke shi na jefa bayan ɗaki. Ni a zatona tsirfar Rabo ce kawai, don a ce yana aiki."

"Injin fa?"

"Na gaya musu muryar ɗana tana kaiwa har Makera. Suka yi dariya. Na sha ganin yadda Rabo ke tayarwa. Na ja janareto, na murɗe duka huɗun. Sa'idu ya ce, Baba, Rabo ya ce kada a tayar, kuma ina turken? Na ce masa, ni na sayi injin ko Rabo? Na ce ya wuce ya yi kira, mutane suna jira. Bai taɓa yi mini musu ba. Ya cire takalmi ya shiga."

Kofur Ɗan'auta ya kau da kai.

"Da aka ɗauke shi na tuna maganarsa. Mutane sun cika kan tabarmi, ba halin in mayar da turken inda yake. Na zagaya na kafa shi a gindin katanga."

"Ka ce Rabo ne."

"Uwarsa tana tsakar gida tana tankaɗe lokacin. Ƙahon kudu gidana yake kallo. Ta ji komai, Sufeto. Da ta tambaye ni wa ya yi wannan, me zan ce mata?"

"Da ka ce mata abin da ka ce mini. An kusa kashe bawan Allah a tasha saboda maganarka." Sufeto ya rufe littafinsa. "Kofur, tafi da shi."

Alhaji ya roƙa a bi da shi ta bayan masallaci. Ba hanya ta baya. Ta ƙofar gidansa aka wuce da shi, asabarin zaure yana motsi.

Kafin la'asar Sufeto ya buɗe wa Rabo da hannunsa, ya gaya masa duk abin da ya faru. Ya ɗauka zai yi murna, ko ya zagi Alhaji. Rabo bai yi ko ɗaya ba.

"Ya tambayi turken?"

"Ya tambaya."

"Ashe yana jin abin da nake gaya masa," in ji Rabo. Ya goge ido da yagaggiyar rigarsa.

Sufeto ya raka shi har masallaci don kada wani ya sake jifansa. Malam Mamuda ya hau matakala yana kiran la'asar da tsohuwar muryarsa, wadda ko ƙarshen layi ba ta kaiwa. Rabo ya shiga ɗakin injin. Bai dubi akwatin ba. Ya ɗauko butarsa a bayan ƙofa, ya cika ta a randa, ya fito.

"Ba sauran amfanin ba shi ruwa, Rabo," in ji Sufeto. "Turken ma shaida ne, kotu za a kai shi."

"Na sani, ranka ya daɗe. A wane gefe aka sa Sa'idu?"

Sufeto ya ce, "Gabas da tsamiya, sabon da ke ƙarshe."

Rabo ya wuce ciyawar, ya kama hanyar maƙabarta da butar a hannu.