Kakakin da Ya Ce Babu

Kafin ya zama Kakakin wata ma'aikatar gwamnati, aikinsa a ɗakin taron manema labarai bai wuce jera kujeru da ƙwanƙwasa makirufo da yatsa ba. Digirinsa biyu, takalminsa ɗaya. Ran da aka fara ba shi dama ya amsa tambaya kan tsadar mai, gumi ya jiƙa takardarsa har tawada ta narke. Wata tsohuwar 'yar jarida da ake kira Mai-Gilashi ta taso ta miƙa masa hankici, ɗaki ya ɗauki dariya.

Hankicin nan ne ya kai shi wurin boka.

Ɗakin tsafin yana bayan filin da ake yasar da matattun motoci. Rana tsaka ce, amma a ciki sai da ya laluba. An lulluɓe bango da jan ƙyalle, ga ƙahoni a rataye, ga wani tulu da jini ya bushe a wuyansa. A kan faifai an jera busassun harsuna, bai tambayi na mene ne ba.

"Ɗan boko, me ka zo saye?" in ji boka.

"So nake in yi magana a yarda."

"Ka faɗi gaskiya mana. Ita kyauta ce."

"Baba, aikin gwamnati nake yi."

Boka ya yi dariya har da tari. Ya karɓi soson kan makirufo da aka ce ya zo da shi, ya tsoma a tulun, ya matse baƙin ruwa a ƙoƙo. Sannan ya zaro aska.

"Duk abin da ka ce babu, za a yarda babu. Sai dai abu ba ya ɓacewa don an musanta shi. Tashi yake, ya nemi wurin zama."

"A ina?"

"Wannan kuma tsakaninsa da ƙafarsa."

Mutumin namu ya sha ganin takardun yarjejeniya, ya san ƙananan rubutun ƙasa ba don a karanta ake yin su ba. Ya ɗaga harshe, aka tsaga, ya shanye ƙoƙon.

Kafin shekara ta zagayo ya zama Kakaki. Idan ya ce babu tsada, sai ka ga ɗan jaridar da bai karya ba yana gyaɗa kai yana rubutawa. Mai-Gilashi kanta takan buɗe baki ta manta abin da za ta ce. Minista ya daina fita taro sai da shi. Kwangiloli suka san hanyar gidansa, ya gina bene hawa uku, ya ɗauko mahaifiyarsa ya sa ta a ɗaki mai sanyi.

Da cutar amai da gudawa ta ɓarke a unguwannin talakawa, ya gyara hula ya ce, "Babu wata annoba." Kwana biyu aka yi, cutar ta ɗauke mahaifiyarsa, matar da ruwan gora kawai take sha. Da aka tambaye shi yadda ƙwaya ke haukata matasa, ya ce, "Babu wannan matsalar." Babban ɗansa, wanda ko hayaƙin taba bai iya jurewa, ya tashi da safe ya tuɓe tufafinsa a bakin ƙofa yana gaida motoci.

Matarsa ba ta yi jami'a ba, don haka ta riga shi ganewa.

"Baban Auta, duk abin da ka ce babu a talabijin, gidan nan yake kwana. Yarinyar nan kaɗai ta rage mana. Ka ajiye aikin."

Ya koma wurin boka. Boka ya ce magani ɗaya ne, ya sauka daga mumbarin, ya bar duk abin da bakin ya jawo masa. Kakaki ya amince, amma sai bayan wata guda, don ana raɗe-raɗin za a ba shi kujerar minista. Kafin nan ya yi dabara irin ta masana: ya daina cewa babu, ya koma "ana gudanar da bincike".

Sai ginin wata makaranta ya rufta. Ya hana Auta fita ko ƙofar gida, ya tafi taro da binciken nasa a baki. Amma a ranar nan, Minista da kansa ya zauna kusa da shi. Mai-Gilashi ta miƙe.

"Ranka ya daɗe, mun ƙoshi da bincike. Akwai yaran da suka mutu, ko babu?"

Kakaki ya dubi Minista. Minista yana duban farcensa. Ya tuna Auta, ya tuna kujerar. Masu kirki suna cewa bakinsa ne ya riga shi. Waɗanda suka zauna a layin gaba sun ce ya ɗan yi shiru tukuna, irin shirun mai auna kaya.

"Babu."

Aka rubuta. Bai gama tattara takardunsa ba wayarsa ta yi ƙara. Benen ya zauna, hawa ukun sun zama ɗaya, da matarsa da Auta a ciki.

Yana durƙushe a kan ɓaraguzai yana tono da hannu, ya ji rediyon wani mai gadi. Ma'aikata ta riga ta naɗa sabon kakaki, yana sanar da jama'a cewa a hatsarin gidan jami'in babu wanda ya rasa ransa.

Har yau yana nan a wajen, yana tono. Duk wanda ya wuce sai ya riƙe masa riga ya ce, "Akwai. Wallahi akwai." Ba mai tsayawa.

Kai da kake hangen mumbari da miyau a baki, ka je ka gan shi kafin ka je wurin boka. Kwaɗayi ba ya cin abin baƙo, daga cikin gida yake fara yanka.